Kiwi, Kiwo, Ciwo

Ranar da Tasi'u ya kawo su cikin kwali,
dashe bakwai, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba,
maƙwabcina mai faci ya leƙo, ya ce:
"Kiwi? Ashe man takalmi ma shuka shi ake?"
Muka yi dariya har sai da na ƙware.

Shekara talatin ina nan bakin titin Gadon Ƙaya,
ina sayar da dashen mangwaro da gwaiba da lemun tsami.
Na san yadda kowanne ke sunkuyar da kai in ƙishi ya kama shi.
Waɗannan kuwa baƙi ne, 'ya'yan ƙasar sanyi,
ba su jin Hausa, ba su san ranar Kano ba.
Na yi musu rumfa da buhunan albasa,
na ɗaura alkawari da ɗan garuwa:
jarka biyu da safe, biyu da la'asar,
ko da ni ban karya ba.

Suka kama kara, suka hau.
Ganye ya buɗe, mai laushin gashi kamar kunnen maraƙi.
Masu motoci suna tsayawa su tambayi kuɗi,
in ce ba na sayarwa ba ne.

Sai marka ta zauna.
Kwana tara ƙasa ba ta bushe ba.
Na ga ɗigo baƙi a ganyen na farko,
rawaya ta kewaye shi kamar zobe.
Na ce ƙila ƙunar taki ce.
Kashegari reshe ya langaɓe.
A gaɓarsa ɓawo ya tsage yana hawaye,
fari-fari da farko, kamar nonon tumfafiya,
daga baya ja, kamar tofin mai cin goro.

Na ɗauko almakashina,
wanda na gada, wanda hannuna ya ci wa ƙota.
Na yanke marar lafiya, na ce Allah Ya sawwaƙe.
Tun da ina tsaye, na gyara wa na biyu gashi,
na rage wa na uku, na huɗu,
har na bakwai ya rage, aka kira magariba.

Dakta Mardiyya ta jami'a, mai sayen fulawa wurina,
ta ɗauki guntun reshe a leda.
Bayan mako ta dawo, ba ta ko kashe mota ba.
"Baba, bakteriya ce.
Ƙwaya ce da ido ba ya gani.
Feshin ruwa da iska na ɗaukar ta,
amma ƙofar da ta fi so rauni ne.
Da me kake yanka?"

Na sa hannu a aljihu.
Ƙarfen ya yi sanyi.

Ashe ba tsuntsu ba ne, ba kambun baka ba,
ba ruwan kwata ba, ba hayaƙin tirela ba.
Ni ne na bi su ɗaya bayan ɗaya
ina raba musu ciwo da sunan kiwo.

Shida na tumɓuke, har saiwa.
Na ƙone su bayan shagon faci,
ɗanyen hayaƙi yana shiga mana ido.
Mai faci ne ya ba ni ashana.
Wannan karon bai ce komai ba.

Saura ɗaya, wanda magariba ta ceta.
Na matsar da shi can ƙurya, na fesa masa maganin da ta rubuta,
ina shayar da shi a gindi, ba na jiƙa ganye.
Ta ce da wuya ya haihu a zafin nan.
Na ce to.

Yanzu akwai gwangwanin madara kusa da benci,
cike da sifirit.
Tsakanin itace da itace sai almakashi ya yi wanka,
ko gwaiba ce, ko zogale.
Yaran da ke taya ni suna ce na cika tsirfa.
Kullum da asuba, kafin in yi shara,
nakan juya ganyensa ɗaya-ɗaya
da bayan hannu.